Wuta Daga Kashin Alade: Darasin da Ke Cikin Turke



Tun da aka faɗi taken wannan lacca na hango wasu sun yamutsa fuska, kuma ban ga laifinsu ba. Galibinmu a zauren nan Musulmi ne, hukuncin alade a wurinmu sananne ne, ni kuwa ban zo in kira kowa zuwa ga kiwonsa ba. Dalilai biyu suka sa na zaɓi batun. Na farko, muna da maƙwabta a kudancin Kaduna da Filato da Adamawa waɗanda kiwon alade sana'arsu ce, da shi suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kuma da Hausa suke ciniki a kasuwar aladu ta Kafanchan, wadda ke cikin manyan kasuwannin irinta a ƙasar nan. Maganar ta shafe su kai tsaye. Na biyu, a kan kashin alade duniya ta fi gwada fasahar samar da wuta daga kashin dabbobi a gidajen talakawa, nan aka ci riba, nan kuma aka tafka asara. Mai shanu da mai kaji da sarkin fawa duk suna da abin ɗauka, tunda gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ke faruwa a cikin ramin

A shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, yana cikin kwalekwale a bakin tafkin Maggiore, sai ya lura in an zunguri laka da sanda kumfa na tasowa. Ya tara iskar a kwalba, ya kanga mata wuta, ta kama. Ita ce iskar da ake kira mitan. Duk inda ganye ko kashi ko ragowar abinci ya ruɓe a wurin da iska ba ta shiga, tana fitowa: a ƙasan kududdufi, a juji, a masai, har a cikin cikin saniya.

Wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga an farka tumbin sa, to ya riga ya ga injin da muke magana a kai. Tumbi wuri ne rufaffe, mai ɗumi, mai danshi, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Abin da masu fasaha suka yi kawai shi ne gina tumbi da bulo da siminti a ƙarƙashin ƙasa, da baki a gefe guda inda ake zuba kashi da ruwa, da mafita a ɗaya gefen, da bututu a sama inda iska ke fita. Da sunan tumbi zan riƙa kiran sa a wannan lacca.

Aikin cikinsa aikin gayya ne, rukuni huɗu. Na farko su farfasa abin da aka zuba har ya narke. Na biyu su mai da shi tsami, kamar yadda madara ke kwana ta zama nono. Na uku su mai da tsamin wani ruwa mai kama da ruwan kal. Na huɗu, waɗanda suka fi kowa laulayi, su ne ke cin wannan su fitar da mitan. In aka ɗura wa tumbi abin da ya fi ƙarfinsa, masu tsami su yi wa masu mitan yawa, wuta ta mutu. In aka zuba ruwan sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, ma'aikatan su mutu. Sun fi son ɗumin maki 35 zuwa 37 a ma'aunin Salshiyos, wato kusan ɗumin jikin dabba, kuma abin da aka zuba yakan ɗauki kamar wata guda kafin ya fita ta ɗaya bakin.

Iskar da ke fitowa, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari mitan ce, sauran galibi kabon dayoksaid. Ana auna ta da kubik mita, wato lita 1,000, cikin duro biyar ke nan. Kubik mita ɗaya yakan riƙe kan risho ɗaya awa biyu zuwa uku, zafinsa ya ɗan fi na rabin litar kananzir. In aka sa shi a janareta, a samu lantarki kusan yunit biyu. Gida matsakaici kan buƙaci kubik mita ɗaya zuwa biyu a yini, manyan aladu biyar ko shida kuwa sun isa su ba da abin da za a dafa tuwo da miya. Harshen wutar shuɗi ne, babu hayaƙi, ba ya baƙanta gindin tukunya.

Kashin alade yana da halinsa. Alade ba ya tuƙa, cikinsa ɗaya ne kamar na mutum, ga shi ana ciyar da shi dusa da hatsi, don haka kashinsa ya fi na saniya ba da iska. Amma yana da yawan sinadarin naitirojin, wanda in ya taru yakan zama amoniya ya gurgunta masu yin mitan. Shi ya sa ake haɗa shi da ganye ko ragowar abinci. Abin dariyar ma, ko tumbin da aka gina domin aladu, da kashin saniya aka fi son a fara kunna shi, domin a cikinsa irin yake, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara.

Ƙasar Sin: alade a gindin murhu

Kusan rabin aladun duniya a Sin suke. A rubutunsu, harafin da ke nufin gida zanen rufin ɗaki ne da alade a ƙarƙashinsa. Shekaru aru-aru manomin Sin yana da alade ɗaya ko biyu a bayan ɗaki, kashin kuma ya tafi gonar shinkafa.

Tun a shekarun 1920 wani mai suna Luo Guorui ya gina tumbin siminti a kudancin ƙasar, har ya kafa kamfani. Amma babban yunƙurin ya zo ne a shekarun 1970, musamman a lardin Sicuwan, inda gwamnati ta sa aka yi gangami. Kafin shekarun su ƙare an gina kimanin miliyan 7. Da yawansu ba su daɗe ba suka lalace. An yi su cikin gaggawa don a cika lissafin da hukuma ta yanka, maginan ba su ƙware ba, rufin ya tsage, iska ta zurare, ba a kuma tanadi mai gyara ba.

Sinawa suka koma suka gyara. Suka tsayar da tsari ɗaya na tumbi mai rufi kamar ƙubba, mai cin kubik mita 6 zuwa 10, suka horar da magina suka ba su shaida. Suka haɗa abu uku wuri guda: ɗakin alade, da masai, da tumbi, ta yadda kashi ke gangarawa da kansa, babu mai ɗauka a kai. A kudu suka ƙara da lambun 'ya'yan itace, ruwan da ya fito daga tumbi ya zama takinsa. A arewa, inda sanyi ke daskarar da ruwa, suka sa duka a cikin rumfar leda ta noman kayan lambu, alade ya sha ɗumi, tumbi ya sha ɗumi, tumatir ya sha taki. Daga 2003 gwamnati ta zuba kuɗin tallafi mai yawa, cikin kamar shekara goma adadin ya kai miliyan 40.

Sai kuma zamani ya juya. Matasa suka tafi birane aikin masana'anta, aka bar tsofaffi a ƙauye, gidaje suka daina ajiye alade, kiwo ya koma hannun manyan kamfanoni. A 2018 zazzaɓin aladu ya shiga ƙasar ya yi ɓarna mai yawa, ya ƙarasa korar ƙananan masu kiwo. Tumbuna da yawa suna nan lafiyarsu ƙalau, amma babu abin zuba musu. Yau a garin Ezhou na lardin Hubei akwai bene mai hawa 26 wanda aladu ne kaɗai mazaunansa, kashinsu kuma ana mai da shi iskar gas. Wutar ta tashi daga murhun talaka ta koma injin kamfani.

Ƙasar Biyetnam ta bi sahu. Shirin da ta fara a 2003 tare da wata ƙungiyar raya ƙasa ta Holan, SNV, ya gina tumbuna fiye da 100,000 a gidajen masu aladu, kuma ƙarfinsa ya dogara ne ga horar da birkiloli na ƙauye su mai da ginin sana'a. A nahiyarmu ma, tun ƙarshen shekarun 1950 wani manomi a Afirka ta Kudu, John Fry, ya tayar da injin dizal da iskar kashin aladunsa.

Amurka: in kashi ya fi ƙarfin ƙasa

A jihar Karolina ta Arewa akwai aladu wajen miliyan 8 zuwa 9, mafi yawansu a gabashin jihar, a ƙananan hukumomi irin su Duplin da Sampson. Gona ɗaya takan tara dubbai a dogayen ɗakuna. Ana wanke kashin da ruwa zuwa wani ƙaton kududdufi a fili, in ya cika a fesa shi a gonaki.

A watan Yunin 1995 bangon irin wannan kududdufi ya fashe, ƙazanta sama da lita miliyan 90 ta kwarara cikin kogin New, kifaye suka mutu birjik. A 1997 jihar ta dakatar da buɗe sababbin manyan gonakin aladu. Guguwar Floyd a 1999 da ta Florence a 2018 duk sun sa wasu kududdufan sun yi ambaliya. Ko babu guguwa, buɗaɗɗen kududdufi tumbi ne marar murfi, mitan ɗinsa na tafiya sama, ita kuwa mitan ta ninka kabon dayoksaid wajen ɗumama duniya kusan sau 28 in aka auna a shekara 100.

A 2007 jihar ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanonin lantarki su samo wani ɗan kaso na wutarsu, kashi 0.2 cikin ɗari, daga kashin alade. A 2011 Jami'ar Duke, da kamfanin Duke Energy, da Google suka haɗa hannu a gonar Loyd Ray, suka tara iskar suna juya ƙaramin injin lantarki mai ƙarfin kilowat 65. Daga baya wasu suka riƙa lulluɓe kududdufai da leda mai kauri, su tace iskar, su tura ta cikin bututun gas na ƙasa.

Har nan labari ya yi daɗi. Amma a tambayi mutanen da ke zaune kusa da gonakin, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne da sauran marasa ƙarfi. Lulluɓe kududdufi ya kama mitan, amma ruwan da ya rage har yanzu fesa shi ake yi kusa da gidajensu, da warinsa da ƙudajensa. A 2018 wasu daga cikinsu sun yi nasara a kotu kan wannan damuwa. Ƙorafinsu yanzu shi ne kuɗin gas zai ƙara wa tsohon tsarin tsawon rai. A nan akwai gaskiyar da duk mai tallan wannan fasaha ya kamata ya faɗa: tumbi yana cire iska ne kawai. Naitirojin da fosfaros da ke cikin kashi suna nan yadda suke. In akwai isasshiyar gona da za ta sha su, taki ne. In babu, guba ce ga rijiya da rafi.

Denmak: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A Denmak aladu sun kusa ninka mutane biyu. Kashin da ke fitowa daga gonakinsu fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, don haka manomi ɗaya ba zai mai da kuɗinsa ba in ya gina babban tumbi shi kaɗai. Tun a shekarun 1980 suka fara gina tumbunan haɗin gwiwa. Tanka ta zagaya gonaki ta kwaso kashin aladu da na shanu, a haɗa da sharar mahauta da ta masana'antun abinci, a fitar da gas, tankar ta mayar wa manomi takinsa gwargwadon abin da gonarsa za ta ɗauka. Zuwa 2023, sama da sulusin gas ɗin da ke bin bututun ƙasar daga irin waɗannan tumbuna yake fitowa.

In muka jera ƙasashen nan uku, abu ɗaya ke bayyana. Sirrin yana ga turke. Alade dabba ce da ake tsarewa wuri ɗaya, kashinta na taruwa kullum a inda aka san shi, ɗanye, kusa da ruwa. Inda aka samu mai zubawa kowace safiya, da mai gyara in ya tsage, da gonar da za ta karɓi abin da ya fito, wuta ta kama. Inda ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, an yi asarar siminti.

To, mu fa?

Ga 'yan'uwanmu masu aladu, shawarata a fili take. Aladen da aka saki yana yawo a unguwa ba ya ba da gas, sai rigima da maƙwabta da yaɗa cuta. A tsare shi a ɗaki mai daɓen siminti da ɗan gangare zuwa bakin tumbi. Wari zai ragu, uwargida ta huta da sayen itace, gonar citta da masara ta samu taki. A kuma tuna abin da zazzaɓin aladu ya yi a gonar Oke-Aro da ke kusa da Legas a 2020. Ranar da garke ya ƙare, murhu ma ya mutu, don haka tsaron lafiyar dabba wani ɓangare ne na tsaron wutar.

Ga sauranmu kuwa, abin da muke da shi ya fi yawa, kuma babu wata tantama a kansa, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu yakan ba da kimanin kubik mita ɗaya. Matsalarmu ita ce shanunmu matafiya ne, kashinsu na zuba a daji. Saboda haka a fara daga inda dabba take a ɗaure: gidajen masu kiwon turka, gonakin kaji, wuraren tatsar madara, kasuwannin kara irin su Wudil da Maigatari da Mai'aduwa da Potiskum, da mahautan manyan garuruwa, inda kullum ake zubar da abin cikin tumbi a kwata, ya bi ruwa ya shiga unguwa. A Ruwanda, tun farkon shekarun 2000 gidajen yari ke dafa abinci da iskar masai. Makarantunmu na kwana da ke cinye lodin itace kowane zango suna iya yin haka. Burkina Faso, wadda yanayinta irin namu ne, ta kafa shirin ƙasa na gina tumbuna, an kuma gina fiye da 10,000. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan wannan fanni. Ga rana Allah Ya ba mu: ɗumin da Bature ke kashe kuɗi ya samar wa tumbinsa, mu kyauta muke samun sa, in ban da 'yan makonnin hunturu da iskar kan ragu.

Na san tambayar da ke zuciyar manomi: in na ba tumbi kashin, me gonata za ta ci? Manomin karkarar Kano da ya gaji ɗora mangalar taki a kan jaki ya san darajar abin nan fiye da kowane masani. Amsar ita ce takinka zai dawo maka. Abin da ke fita ta ɗaya bakin ya riga ya ruɓe, shuka na saurin shan sa, warinsa kaɗan ne, yawancin irin ciyawa sun mutu. Wanda ya yi asarar taki shi ne mai busar da kashin shanu ya ƙone shi a murhu, domin naitirojin ya bi hayaƙi.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Tumbi na shan ruwa, kusan bokitin ruwa ga kowane bokitin kashi, kullum, don haka garin da mata ke tafiya mai nisa ɗibar ruwa ba nan ne wurin farawa ba. Kuɗin ginin a farko yake, gaba ɗaya. Iskar ba ta ɗuruwa a tukunyar gas irin ta kasuwa, sai dai a ja tiyo daga tumbi zuwa madafa, don haka dole su kasance kusa. A cikinta kuma akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid, wadda ke cin ƙarfen janareta in ba a tace ta da garin ƙarfe mai tsatsa ba. Ita ce kuma ke kisa. A ƙasashen da ke kiwon aladu an sha rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya: na farko ya faɗi, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Kada kowa ya shiga tumbi don yasa sai an kwashe shi, an bar shi a buɗe kwanaki, da igiya a ƙugu da mutane a sama. Kada kuma a leƙa shi da ashana ko fitilar ƙwai.

Duk da haka, a auna da abin da muke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙar sa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da yawa da suka saba da kananzir da gas sun koma itace da gawayi, motocin itace kuwa kullum daga nesa suke ƙara zuwa.

Kirana ga hukumomi da masu hannu da shuni shi ne kada a maimaita kuskuren Sin na shekarun 1970. Kada a fara da yanka adadi da yanke ƙyalle a gaban 'yan jarida. A fara da horar da birkiloli a kwalejojin fasaha, a ba su shaida, a tabbatar kowace ƙaramar hukuma tana da wanda za a kira in rufi ya tsage. A ba mai kiwo rance mai sauƙi ya sa nasa kuɗin a ciki, domin abin da mutum ya saya da guminsa shi yake tattali. Ƙungiyoyin mahauta su zauna da sarkin fawa su duba inda ƙazantar mahautarsu ke zuwa. Ku kuma ɗalibai, kafin zangon nan ya ƙare ku samo duro ɗaya mai murfi, da tiyo, da tsohon tib na mota, ku cika duron da kashin shanu da ruwa rabi da rabi, ku bar sarari kaɗan a sama, ku ajiye shi a rana. Iskar farko ku sake ta, kada ku kunna mata wuta. Bayan 'yan makonni tib zai sake kumbura. Ku dafa shayi da shi, ku kira iyayenku su gani da idonsu.